Sunayen Fasinjojin Kebbe

Shekarar da na dawo Tambuwal daga karatun kwamfuta a Sakkwato ban samu aikin gwamnati ba, sai na kama rumfa kusa da tasha ina gyaran waya. Daga inda nake zaune ina ganin yadda ake lodi. Mutum zai zo da hantsi ya shiga bas, ya zauna har azahar ana jiran fasinja biyu. Wani kuma ya taso daga Jabo a kan babur, ya tarar motar ba ta daɗe da tashi ba. Na ga wata mata da jinjiri marar lafiya ta yini a kujerar baya tana yi masa fifita da gyale. Abin ya riƙa ci mini rai, har na zauna na haɗa wata 'yar manhaja: mutum ya kama kujera tun daga gida ya san lokacin tashi, direba kuma ya san fasinjansa kafin ya tada mota. Wanda ba shi da babbar waya ya kira ni, in shigar da sunansa.

Yayan mahaifiyata tsohon direba ne, idonsa ya yi rauni ya bar tuƙi, aka ba shi kula da layin motoci a tasha. Shi na fara kai wa maganar. Ya karɓi wayar ya jujjuya ta, ya miƙo mini.

"Kai ɗan nan, mota ba ta cika cikin waya. Wanga abu naka, 'yan kamasho mi za su ci?"

"Kawu, ba wanda za a hana abincinsa. Ku ba ni mota biyu mu gwada."

Sai da mahaifiyata ta sa baki ya yarda. Motocin nan biyu suka riƙa tashi a kan lokaci, ma'aikatan sakatariya da ɗalibai suka fara nemansu. Kafin damina ta fita direbobi bakwai sun shigo, har da uku masu bin hanyar Kebbe. Na rufe gyaran waya, na sayi teburi da faranti mai cajin hasken rana, na sa aka rubuta allo a ƙofar rumfa. A lokacin har na fara tunanin kai manhajar Jega da Birnin Kebbi.

Direbobin suka ce suna so su riƙa ganin sunayen fasinjoji, don su san wa suke jira, kuma in motar wani ta lalace wani ya kwashi mutanensa. Magana ce mai ma'ana. Cikin yini ɗaya na gyara manhajar, kowane direba ya riƙa ganin sunan kowa, da motar da zai shiga, da lokacin. Ban shawarci kowa ba, ban ma ɗauke shi abin shawara ba.

A cikin masu kirana akwai wani dattijo Bafillatani, mai fataucin shanu daga yankin Kebbe. Ba ya karatun boko, amma ya haddace lambata. Duk ranar da ya sayar da dabbobi zai kira ya ce in kama masa kujerar gaba, ƙafarsa ba ta son matsi. Ya taɓa kawo mini man shanu a kwalba, ya ce in kai wa mai ɗakina.

Wata safiya na shigar da shi motar farko zuwa Kebbe. Wajen ƙarfe goma direban ya kira ni. An tare su a wani lungu mai duhuwar itatuwa, mutum huɗu da bindigogi. Ba su taɓa kowa ba, ba su karɓi ko wayar kowa ba. Kai tsaye ƙofar gaba suka nufa, suka kira dattijon da sunansa, suka sa shi a babur suka shiga daji.

Kafin la'asar maganar ta gama tasha: waya ce ta faɗa wa 'yan bindigar. Mutanen da jiya suke gaishe ni suka riƙa wuce rumfata suna kau da kai. 'Yan sanda suka kira ni, na yini ina nuna musu yadda manhajar take aiki, suka rubuta, suka sallame ni. Da na fito Kawu na zaune a benci yana jirana. Bai yi mini faɗa ba. Sai da muka yi nisa da ofishin ya tsaya.

"Faɗa man gaskiya. Mutum nawa ka iya ganin sunan wanga bawan Allah?"

"Ni da direbobi bakwai."

"Da matansu, da abokansu, da duk wanda suka ba wayar shi yi musu caji." Ya girgiza kai. "Shekara talatin nika tasha, ban taɓa tambayar fasinja sunanai ba. Ka zaci rashin wayewa ne?"

 Na koma rumfa na buɗe kwamfuta na bi duk wanda ya duba jerin sunayen a ranar. Biyar daga cikin bakwai sun duba, kamar yadda suke yi kullum. Babu abin da ya bambanta wani da wani. Na yi kwanaki abinci ba ya wuce mini, mai ɗakina tana ajiye tuwo tana ɗaukewa. Man shanun nan da saura a kwalba, na ce ta ba maƙwabta.

Bayan kusan wata guda aka sako shi, bayan danginsa sun sayar da mafi yawan garkensu. Kawu ya hana ni zuwa, ya ce 'ya'yan mutumin ba su huce ba. Duk da haka na hau babur na tafi. Na tarar da shi kwance a tabarma ƙarƙashin rumfar kara, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa a kumbure. Babban ɗansa ya miƙe da ya gan ni, dattijon ya ɗaga masa hannu ya zauna.

Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa jaje. Sannan na faɗa masa duk yadda abin yake, da yadda na buɗe sunaye ga direbobi.

"Baffa, in ta hanyata ne, ku yafe mini."

 Ya ce, "Waɗanda sunka ɗauke ni sun san launin bijimin da na sayar. Wannan ba shi cikin wayarka. Kasuwa ido gare ta." Ya nisa. "Amma sun san kujerar gaba nika zama. Wannan kuma ban san inda sunka ji ba. Allah Ya sani. Na yafe maka, ɗana. Sai dai kada ka sake rubuta sunana ko'ina."

Na so ƙwarai ya ce ni ne, ko ya ce ba ni ba ne. Bai faɗi ko ɗaya ba, don shi ma bai sani ba.

Da na dawo na goge sunayen kowa daga manhajar. Yanzu lambar kujera kawai ake ba mutum, ko ni ban san wa ya kama ta ba. Hanyar Kebbe na rufe ta gaba ɗaya. Mutanen can sun koma ba sa faɗa wa ko maƙwabci ranar tafiyarsu, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya rage mini hanyar Sakkwato ce, ɗalibai da 'yan ma'aikata, motoci uku. Na dawo da kayan gyaran waya rabin teburin, don manhajar ita kaɗai ba ta riƙe gida.

Direbobin nan bakwai duk suna nan a tasha. Muna salla sahu ɗaya, na je sunan 'ya'yan biyu daga cikinsu, ɗaya ma shi ya kai mahaifiyata asibiti kyauta da ciwonta ya tashi. Mai yiwuwa ba ruwan ko ɗayansu. Amma duk sanda wani ya leƙo rumfata ya tambaye ni ko akwai fasinja gobe, sai na ji ina duban fuskarsa fiye da yadda ya kamata, shi ma na ga ya lura.