Ranar da Muka Fita Neman Ungulu a Cikin Birni

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta ranar da ni da kakana muka fita neman ungulu a cikin birnin Kano. Na san wani zai yi dariya, ya ce duk tsuntsayen duniya a rasa wanda za a nema sai ungulu. Ni ma da safiyar ranar da dariya na fita daga gida, amma ba da ita na dawo ba.

Kakan nawa shi ne ya haifi babana. Mahauci ne, fawa ya gada, kuma a kwata ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa. Tun ina firamare yanar ido ta fara rufe masa gani, har ta kai ba ya ganin komai sai haske da inuwa. 'Ya'yansa sun yi fama da shi a kan a kai shi asibiti a yi masa aiki, ya ce shi mai yanka ne, ba wanda zai sa masa wuƙa a ido. Haka ya koma zaman soro a gidanmu da ke Mandawari, kan buzunsa, da carbi da 'yar rediyo. Ni ce babbar jikarsa mace, don haka amarya yake kirana, kullum muna cikin tsokanar juna.

A lokacin ina jami'a, ina karanta ilimin halittu. Idan na dawo bayan la'asar nakan zauna kusa da shi in yi bita. Wata rana ya ce in daina motsa baki ni kaɗai kamar mai lazimi, in karanta ya ji. Daga nan abin ya zame mana al'ada, in karanta da Turanci in mayar masa da Hausa. Wanda ya fi so shi ne wani littafi na tsuntsayen ƙasarmu da na aro a laburare. Idan na karanto shamuwa ko belbela ko hankaka, sai ya karɓe zancen ya ƙara min da abin da ya gani da idonsa a zamanin da yana gani.

Ranar da muka zo kan ungulu na ga ya gyara zama. Na karanta masa amfaninta, yadda take cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, yana ta gyaɗa kai. Sai na zo inda littafin ya ce ungulu tana ƙarewa a ƙasashenmu. Ana sa guba a nama a kashe ta, ana kama ta a sayar wa masu tsibbu, an kuma sare dogayen bishiyoyin da take kwana a kai. A manyan garuruwa da yawa ma an daina ganinta.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Amarya, wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Masana ne, Kaka."

Ya ce, "To masanin nan bai zo Kano ba. Ungulu ta ƙare? Mu da sai mun sa sanda muke korarsu daga kan kayan ciki? Ai ko jiya da hantsi da na leƙa ƙofa na ga giccinsu a sama."

Na buɗe baki zan yi masa gardama, sai na tsaya. Na tambayi kaina yaushe rabona da ganin ungulu, na rasa amsa. Na tuna muna yara mukan gan su jere a kan katangar kasuwa, amma ban iya tuna ranar da na daina ganinsu ba. Duk da haka na ce masa littafi ya fi shi gaskiya. Ya ce idan ya nuna min ungulu goma a cikin birni in yarda na zama baiwarsa, idan ya kasa ya sake ni in huta. Muka yi dariya.

Abin mamaki, abin da 'ya'yansa suka kasa shekara da shekaru, gardamar nan ta yi shi. Bayan 'yan kwanaki ya kira babana ya ce a kai shi asibitin ido. Kowa ya ɗauka wa'azin wani malami ne ya ratsa shi, ni kaɗai na san dalili. Aka yi masa aiki a ido ɗaya, Allah ya sa aka dace. Ranar da aka cire bandeji ya daɗe yana kallona, hawaye na zubo masa, sannan ya ce, "Ashe mummuna aka aura min ban sani ba."

Likita ya ce ya guji rana da hayaƙi har idon ya warke. Da ƙyar ya yi haƙurin 'yan makonni. Wata Asabar bayan ɗaukewar damina, da sassafe, na same shi ya sa babbar riga da baƙin tabarau, sanda a hannu. Mahaifiyata ta ce, "Baba, a bari ka ƙara jin ƙarfi mana." Ya ce mata ba nisa za mu yi ba, zai je ya kunyata amaryarsa ne ya dawo.

Muka tari adaidaita sahu, ya ce a fara kai mu kwata. Tun a hanya na lura ya daina tsokanata. Yana ta waige-waige, yana tambayar ina rimin da ke nan, ina kududdufin da ke can. Mai adaidaita ya ce shi tun da ya zo garin nan shaguna ya tarar a wurin.

A kwata aka karɓe shi da murna. Wani dattijo mai furfura, wanda a hannun kakana ya koyi fiɗa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo masa benci. Kakana bai zauna ba. Ya zagaya bayan wurin, inda ake zubar da abin da ba a so. Tarin ƙazanta ne ya yi tudu, ƙuda ya rufe shi baƙi ƙirin, wari kamar ya kayar da mutum, wasu karnuka biyu suna tono. Ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano, ya dubi katanga, ya dubi sama.

Ya ce, "Ina suke?"

Dattijon ya ce, "Su wa, Baba?"

"Ungulaye."

Dattijon ya ce, "Wallahi Baba, sai da ka faɗa na tuna. An daɗe. Yaran nan da kake gani da yawansu ba su taɓa ganinta a nan ba."

Kakana ya ce ai safiya ce, ba su tashi ba, ungulu sai rana ta yi zafi take jewa. Ya ce mu tafi Goron Dutse, daga can ana ganin sararin birni duka. Na so in hana shi, don na san gwiwoyinsa, amma na ga fuskarsa ba ta wasa ba ce. Kafin mu tafi dattijon ya ja ni gefe ya ce idan lallai sai Baba ya gani, akwai wani mai sayar da kayan magani a wani lungu kusa da kasuwa, an ce an kawo masa guda mai rai. Ya kwatanta min wurin. Na yi niyyar in bar zancen a cikina.

Hawan dutsen nan ya ba shi wuya. Hannunsa ɗaya a kafaɗata, ɗaya a kan sanda, mu yi 'yar tafiya ya tsaya ya huta, numfashinsa na fita da ƙara. Na ce mu koma, na yarda ya ci gardama. Ya ce shi ba a ba shi nasara sadaka. Da muka kai inda za mu iya, ya zauna a kan wani falalen dutse ya cire tabarau. Birni ya shimfiɗu a gabanmu, ga Dala can, ga hasumiyoyin masallatai, rufin kwano iya ganin ido. Ya ce a da idan ka hau nan kore kake fara gani kafin ka ga gida.

Muka zauna har rana ta take. Shirwa ta wuce, tattabarun wani suka yi ta kewaya unguwarsu. Can sai ya damƙe hannuna da ƙarfi, ya nuna sama da sanda. "Ga ta can! Amarya, ga ta can!" Wani baƙin abu ne yake shawagi a sama sosai, yana juyawa a hankali. Wallahi ni ma na yi fatan ita ce. Muka zuba masa ido, iska ta yi ta sauko da shi har ya zo ya maƙale a jikin wata ƙaya ƙasa da mu. Baƙar leda ce.

Kakana ya sauke sandarsa a hankali. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Ke nan abin da nake gani a ƙofar soro duk shekarun nan, wannan ne." Na ci gardama, amma ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Tausayinsa ne ya sa na gaya masa abin da dattijon kwata ya faɗa min. Har yau ban san ko gara da na yi shiru ba.

Bayan ya yi sallar azahar a wani masallaci a gindin dutsen, muka nemi lungun. Rumfa ce ƙarama, an rataye fatu da ƙahonni da busassun sassaƙe. Mai rumfar magidanci ne mai fara'a, ya ba kakana kujerarsa. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya shiga ciki ya fito da wani kwando, ya buɗe. Tana ciki a takure, an ɗaure mata ƙafa da igiya, fiffike ɗaya ya saki. Gashin wuyanta ya cuccure, idonta rabi a rufe. Ban taɓa ganin ungulu kusa haka ba, kuma ban taɓa zaton za ta ba ni tausayi ba.

Kakana ya sauko daga kujera ya tsuguna a gabanta. Ya ce, "Malam, ka sayar min da ita."

Mutumin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Mai ita ya riga ya biya, gobe zai zo. Daga nesa aka kawo ta, yanzu a kusa ba a samu."

"Me za a yi da ita?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Kan ake so."

Kakana ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah, ya ce ya faɗi duk abin da yake so. Mutumin ya ce alkawari ya riga ya shiga, kuma ko ya sake ta ba za ta iya tashi ba, fiffiken ya karye. Ya ce shi ma sana'ar nan gadonta ya yi, da ita yake ciyar da iyali. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, kunya na gani.

Kakana ya tambaye shi ko ta ci wani abu, ya ce tun da aka kawo ta ta ƙi ci. Sai ya aike ni bakin lungun wurin mai nama, ya ce in sayo tumbi da hanji, kada a wanke. Da na kawo, ya ari wuƙar mutumin, ya naɗe hannun riga, ya yanka ƙanana-ƙanana. Hannun da yake rawa idan ya ɗauki kofin shayi, ranar bai yi rawa ba. Ya ajiye guda a gabanta, ba ta kula ba. Ya ja da baya kaɗan, ya ce mu ma mu matsa, ba ta son a tsaya mata a kai. Muka yi tsit. Can ta miƙa wuya ta ɗauka, ta haɗiye. Ya jefa mata wani, ta ci. Haka ya yi ta ba ta har ta ƙoshi, mutane suka taru a bakin rumfar suna kallon tsoho da babbar riga tsugune gaban ungulu.

Na ji yana mata magana a hankali. Ya ce, "Kakanninki sun yi mana shara ba mu biya su ko sisi ba. Ki yafe mana." Hawaye na bin gemunsa. Na tuna likita ya hana shi murza idon, na miƙa masa gefen mayafina, ya ture hannuna.

A hanyar gida ban tuna masa zancen saki ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara tsofaffin abokan sana'arsa a soro, ya sa na sake karanta musu wurin nan na ungulu a littafin daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya yi gardama. Suka yi ta tuna inda suka saba ganinta, kowa na ambaton bishiyar da yanzu babu ita. Suka yi alkawarin ja wa yaransu kunne, duk wanda ya ga ana ɗana wa ungulu tarko ko ana sa mata guba, a kasuwannin ƙauye da suke zuwa sayen dabbobi, ya hana. Ɗaya daga cikinsu ya ce an yi wa rijiya murfi bayan ɗa ya faɗa. Kakana ya ce a rufe duk da haka, akwai sauran 'ya'ya.

Damina biyu ya ƙara a duniya, Allah ya karɓi abinsa. Ya ga fuskokin jikokinsa, ya koma karanta Alƙur'aninsa da kansa, amma bai sake ganin ungulu a sararin Kano ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne, halitta ba ta sallama idan za ta tafi. A hankali take janyewa, yau babu bishiya, gobe babu tsuntsu, mu kuma muna ta harkokinmu. Kakana yana da uzuri, idonsa a rufe yake. Mu da namu suke buɗe, a gabanmu abin ya faru, kuma ko ɗayanmu bai tambaya ba sai da makaho ya warke ya zo ya tambaye mu. Tun daga lokacin, duk abin da na karanta a kan dabbobi da itatuwa ba na barinsa a takarda, nakan fita in duba ko yana nan. Idan na same shi, nakan nuna wa 'ya'yana, in gaya musu sunansa da amfaninsa tun yana raye, don wanda bai san abu ba, ba zai san ranar da ya rasa shi ba.