Intabiyu a Kasuwar Albasa

Na sha faɗa wa ɗalibaina cewa ranar da na zo neman aikin koyar da halayyar ma'aikata a sashen kasuwanci, sai da kwamitin intabiyu ya miƙe tsaye saboda ilimina. Jiya warin albasa a Aliero ya tuna min da marigayi shugaban sashenmu, ya kuma tuna min da gaskiyar zancen.

Baba, kamar yadda muke kiransa, ba ya gwada malami a ofis. Ya ture takarduna gefe, ya ja ni kasuwar albasa, goro a kunci, ya nuna min masu lodin tirela.

"Ɗana, wa ke shugabancin mutanen ga?"

Lokacin ina da mata da jariri, ba ni da aiki. Na nuna wani mai babbar riga da ke ta ihu, na zuba Turanci buhu goma.

Ya ce, "A'a. Dubi tsohon can mai ɗinkin buhu. Ba mai ɗaga kaya sai ya kalle shi."

Duk da haka ya ɗauke ni. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Bayan shekaru na tambaye shi wace baiwa ya hango tare da ni.

Ya ce, "Mutum ukku munka kira. Biyu sun samu aiki Sakkwato."