Ta'aziyyar Ghislain Warnotte, wanda ya hana ni kashe kaina da yunwa

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, Solange ta kira ni ta ce mijinta Ghislain Warnotte ya cika a asibiti, yana da shekara saba'in da huɗu. Fiye da rabinsu ya yi su ne yana horar da mu 'yan tseren keke na ƙungiyarmu a garin Huy.

Baba Ghislain, na zo hannunka da kilo tamanin da biyu, abokai suna ce mini Bijimi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babu mai kamo ni, amma tserenmu na kaka a kan tudu yake ƙarewa, kowa kuma ya gaya mini tudu na marasa nauyi ne. Sai na daina cin abinci. Kilo tara na zubar cikin wata biyu, har ranar da jiri ya kayar da ni a bakin kogi.

Ba ka yi mini faɗa ba. Gida ka kai ni, Solange ta ajiye mini dunƙulen nama da soyayyen dankali, ka zauna har na cinye. Da na murmure ka kai ni gindin tudun da agogo a hannunka. Ka ce a dogon dutse kowane kilo sai an biya harajinsa, amma wannan mita ɗari biyar ne, yana ƙarewa kafin nauyi ya farga. "Kai Bijimi, ƙarfin da Allah ya ba ka kake zubarwa don ka zama ɗan tsako? Ci abinci. Ka jira sai ka ga ƙofar coci, sannan ka taka."

Ranar tseren na jira. Thibaut Lhoest, wanda bai kai kilo sittin ba, ya tsere tun daga ƙasa. Daga ƙofar coci na taka, na wuce shi da rabin taya.

Ba ka bar ni na yi girman kai ba. Da aka tsawaita hawan a shekarar da ta biyo baya, Thibaut ya ba ni ratar da ko bayansa ban gani ba, ka ce haka ya dace, kowane jiki da tudunsa. Shi ma ɗalibinka ne, ba ka taɓa ƙoƙarin mayar da ɗayanmu ɗayan ba.

Mako ɗaya kafin rasuwarka na same ka ciwo ya cinye ka. Ka ɗaga siririn hannunka kana murmushi: "Ga shi na kai nauyin mai hawan dutse, ƙafar ce babu." Na yi dariya don kai, kukan sai a mota.

Ni da Thibaut muka ɗauki gaban akwatinka ranar Asabar.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu. Mama Solange, da 'ya'yansa Maud da Corentin, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma ya ba mu.