Ramuka Tara na Malam Andarawus

Malam Andarawus mutumin Tibiri ne, makanise ne, kuma shekara goma sha ɗaya muka yi tare a aikin noman rani na Jiratawa. Shi yana kula da injinan ban ruwa, ni ina raba wa manoma iri. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. In inji ya fara tari, sai ya tsaya ya kasa kunne tukuna kafin ya taɓa ƙarfe ko ɗaya.

Da ƙuruciya ya tafi Jos cin rani, cin ranin ya koma shekara bakwai. A can ya samu aikin gyaran injin yankan ciyawa a filin golf na Turawan kuza, inda ake bugun ƙaramin ƙwallo da sanda har ya faɗa rami. Ran Litinin ba kowa a filin, sai a bar ma'aikata su buga, shi kuwa wasan ya shiga ransa. Da ya dawo gida ya zo da tsofaffin sanduna shida da ƙwallaye cikin jakar fata, ya auri Saloma mai ɗinki, ya ajiye sandunan ƙarƙashin gado shekara da shekaru.

Sai da aka buɗe aikin Jiratawa ya ga wani fako a gefen hanyar Maraɗi, ƙasa mai tauri da ba mai nomanta. Ya roƙi mai gari, aka ce ya yi abin da ya ga dama da shi. Ya auna ramuka tara, gajeru, mafi tsawonsu bai wuce taki ɗari biyu ba. Ciyawa babu, don haka kewayen kowane rami ya zuba tankaɗaɗɗen rairayi da ya cuɗa da baƙin man da yake juyewa daga injina, ya daidaita shi da katako. Cikin ramin ya binne gwangwanin tumatir. Saloma ta ɗinka tutoci da ƙyallayen jan yadi. Ba ƙofa, ba mai gadi. Wanda ya zo ran Asabar da la'asar, ko ran Lahadi bayan Andarawus ya taso daga majami'a, za a miƙa masa sanda a nuna masa yadda ake riƙewa.

Mun kai mu goma sha biyu masu zuwa. Akwai Alhaji Maman Lawali na unguwar Zariya, babban ɗan kasuwa, wanda yake kawo mana ƙwallaye daga Kano. Akwai Mushe Sha'ibu (Mushe ake kiran malamin boko a wajenmu), malamin lakkol, wato makaranta, a Sabon Gari, dogo siriri, wanda bai iya bugu ba ko kaɗan amma ba ya fashi. Shi yakan zo da ƙaramar rediyo ya rataye ta a ƙusar da aka kafa jikin gawon da ke rami na biyar, ya kamo tashoshin waje masu magana da Hausa. In aka gama labarai sai ya ɗora nasa sharhin, mu yi dariya, wasu su waiwaya su ga ko akwai mai wucewa.

A 1984 ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. An rufe iyakar Najeriya, hatsin da ke shigowa ya yanke. Mutanen arewa suka fara gangarowa da jakuna da sauran awakinsu. Soja ne ke mulki, kuma a shekarar nan ko a gidan suna mutum yakan auna maganarsa. Taron da ya wuce mutum biyar abin dubawa ne.

Wata Laraba cikin Oktoba, jandarma biyu suka iske Andarawus a bakin inji. Ba su ce ya biyo su ba. Suka ce Kapitan Jibo, wani hafsan da aka kawo Maraɗi bai daɗe ba, ya ji labarin filin da ake taruwa a daji ana kafa jajayen tutoci, kuma zai zo ran Asabar da ƙarfe huɗu ya gani da idonsa.

Da ya gaya wa Saloma, ta ajiye almakashi ta ce, “Baban Dorkas, je ka tumɓuke tutocin nan yau ɗin nan, ka cike ramukan.”

Ya ce, “In na cike, sai su ce na ɓoye wani abu.”

“To mi za ka ce musu?”

“Wasa ne. Shi zan ce.”

Ya aika wa Alhaji, Alhaji ya sanar da saura. Ran Asabar ba wanda ya zo. Ni ma ban je ba, na ce ciwon kai nake. Abin da ya faru a filin daga bakin Andarawus na ji, bayan shekaru.

Mota ta tsaya, Kapitan ya fito da kakinsa, soja ɗaya mai bindiga yana bin sa a baya. Bai kai shekara arba'in ba. Ya dubi sandunan da Andarawus ya jera kan tabarma, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ta, ya gyara tsayuwa. Nan take Andarawus ya gane mutumin ya taɓa bugawa.

Kapitan ya ce, “A ƙasar waje na koya, lokacin horo. Mu buga tara ɗin duka, dattijo. Kada ka bar mini da gangan, zan gane.”

Andarawus ya ajiye ƙwallo. Tafin hannunsa ya jiƙe, sandar tana zamewa. Bugun farko ya tono ƙasa, ƙwallon ya gangara cikin ƙarangiya bai yi taki ashirin ba. Kapitan bai yi dariya ba. Ya buga nasa ya tafi sak.

A hanyar rami na biyu ya tambayi wanda ya ba da filin. A na uku ya tambayi mutum nawa ke zuwa. Tambayoyin suna fitowa a hankali kamar hira, yana yi yana duban inda ƙwallonsa ya faɗa. Andarawus ya lura cewa in ya yi bugu mai kyau tambaya takan jinkirta, don haka ya tattara hankalinsa kan wasan. A na uku ya jefa ƙwallon cikin gwangwani da bugu uku. Sai kuma tsoro ya kama shi, kada ya zama ya kunyata hafsa a gaban sojansa. A na huɗu ya sassauta hannu.

Kapitan ya ce, “Na ce maka zan gane.”

“Ranka shi daɗe, hannun ne ya kuɓuce.”

“Mi kuke faɗi in kun taru?”

“Maganar ruwa. Maganar hatsi. Abin da kowa ke faɗi.”

“Sunayensu fa?”

Ya lissafa su, don ya san ba sirri ba ne, duk wanda ya bi hanyar Jiratawa ran Asabar ya gan su. Kapitan bai rubuta komai ba.

A rami na biyar suka tsaya a inuwar gawo don Kapitan ya sha ruwa. Yana mayar da murfin gorarsa idonsa ya faɗa kan ƙusar da ke jikin itacen. Ƙasanta ɓawon ya yi santsi saboda gugar abin da ake ratayewa.

“Mi ake ratayewa nan?”

“Rediyo,” in ji Andarawus. Kalmar ta fita kafin ya yi tunani.

“Ta wa?”

Andarawus ya dubi ƙusar. Sojan da ke baya ya sauya wa bindigarsa kafaɗa. Andarawus ya ce a lokacin ya nemi ƙaryar da zai yi ya rasa, shi da bai saba ba.

“Ta Mushe ce.”

“Wane mushe?”

“Sha'ibu.”

Kapitan ya gyaɗa kai ya ce, “Bugunka ne.”

Na shida bai san yadda ya buga shi ba. Da suka hau tudun rami na bakwai sai suka iske mutane. Iyalai ne kamar biyar daga wajen Dakoro, sun sauka a daren jiya ko shekaranjiya, sun kafa tabarmi jikin aduwa. Wata tsohuwa ta zare gwangwanin ramin tana ba jaririn ƴarta ruwa da shi. Da suka ga kaki, mazan suka miƙe tsaye, matan suka ja yara jikinsu. Kapitan ya daɗe yana kallonsu. Ya tambaye su daga ina, kwana nawa a hanya, dabbobi nawa suka rage. Sannan ya juyo.

“Makanise, in aka gina rijiya nan, gaba nawa kafin a iske ruwa?”

“Nan kan tudu da nisa. Can wajen rami na tara, kusa da kwari, gaba shida ko bakwai.”

Suka tsallake na bakwai, tunda ba gwangwani. Suka buga na takwas da na tara. A ƙarshe Kapitan ya miƙa masa sandar ya ce, “Ka ci ni da uku. Ran Litinin za a turo masu gina rijiya. Filin nan za a raba wa baƙin nan su yi lambu. Kai za ka kafa musu inji.” Ya shiga mota ya tafi.

Rasa filin bai dami Andarawus ba, haka ya ce mini, kuma na yarda. Ya ga jaririn nan. Abin da ya bi shi gida shi ne sunan da ya faɗa. Da safe kafin majami'a ya hau kekensa har Sabon Gari da niyyar gaya wa Mushe, ya isa bakin lungun ya hango wani mutum da bai sani ba zaune kan dakali, sai ya wuce kamar ba nan zai je ba. Ya ce wa kansa gobe. Goben ta zo, ga masu rijiya sun iso.

Kwana goma sha biyu bayan wasan aka ɗauki Mushe Sha'ibu daga lakkol, cikin aji, a gaban ɗalibansa.

Daga ranar Andarawus ya canza. Tuwo ba ya wuce loma biyar a bakinsa. In mota ta rage gudu a hanya sai ya saki abin da ke hannunsa ya tsaya. A majami'a yakan buɗe littafin waƙa ya riƙe, bakinsa ba ya motsi. Kowane mako yana kai wa Zuliha, matar Mushe, tiya biyu na gero daga rabonsa, ya ajiye a zaure ya gaishe ta daga waje. Ta kan ce, “Allah shi saka, Malam, kai kaɗai ka rage kana zuwa.” Wannan godiyar ta fi komai ci masa rai.

Gari kuma ya fara magana. An ce ya yi wasa da Kapitan su biyu, an ba shi shugabancin sabon lambu, sai ga shi an kama Mushe. Alhaji Maman Lawali ya koma gaishe shi daga cikin mota, gilashi rabi a rufe. Ni da muke cin abincin rana tare na fara samun uzuri. Andarawus bai taɓa tambayata dalili ba. Ya duƙufa kan rijiyoyin. Kafin Janairu akwai iyalai sama da sittin a wurin, kabeji da salati da dankali sun rufe inda rami na takwas da na tara suke.

Cikin Maris aka saki Mushe. Ya rame ƙwarai, haƙorinsa ɗaya babu. Andarawus ya bari masu barka suka ragu, ya je da hantsi, ya iske shi kan tabarma a tsakar gida. Ya ƙi hawa tabarmar, ya tsuguna a ƙasa.

“Mushe, ni na faɗi sunanka. Ya tambaye ni mai rediyo, na ce kai ne. Kuma ban zo na gaya maka ba.”

Sha'ibu ya dube shi. Sannan ya ce, “Takarda na rubuta, Malam. Kan yadda ake rabon hatsin taimako a unguwarmu. Na sa hannu da sunana. Ita suka ajiye gabana tun ranar farko.”

“Ba su yi maganar rediyo ba?”

“Sun yi. Sau ɗaya, cikin mako na uku.”

“To ka gani.”

“Ban ga komai ba. Rabin Sabon Gari sun san ina da rediyo. Tashi ka hau tabarma, ƙafarka za ta yi tsami.”

Ya hau. Zuliha ta kawo fura, suka sha a kwano ɗaya. Andarawus ya ce mini bai fito gidan nan da sauƙin da ya je nema ba, amma daga ranar abinci ya fara shiga.

Ba a bar Mushe a Maraɗi ba. Kafin damina aka mayar da shi wani lakkol can gabas mai nisa. Andarawus ne ya ɗaure masa kaya a saman mota, ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja. Damina ta yi kyau a shekarar, yawancin baƙin suka koma arewa, mutanen Jiratawa suka gaji lambun.

Ya ci gaba da aikin injina har 1992, idanunsa suka fara rauni, ya koma Tibiri wurin ƴarsa Dorkas. A can na kai masa ziyara ya ba ni labarin nan, ni kuma na roƙe shi gafarar watannin da na guje shi. Ya ce ya yafe tun tuni, ya tambaye ni wa ke kula da injin rijiya ta huɗu yanzu, don tun farko ba a ɗora shi daidai ba.