Rabin Takin Kaka

Jiya da hantsi yaran maƙwabta suka tara shara a bakin lungu suka cinna mata wuta. Ina zaune a tabarma ina tsince wake hayaƙin ya tsallako katanga, kuma tun kafin in ɗaga kai hancina ya gaya mini akwai kashin awaki a cikin abin da ke ci. Warinsa daban yake, yana da nauyi, yana kama maƙogwaro. Na ture faifan gefe, ban sake taɓa shi ba sai bayan azahar.

Ku da kuka tashi yanzu za ku ce tsufa ne, tsohuwa ta rasa abin ɓata rai sai don an ƙona shara. Ba laifinku ba ne, ba ku taɓa cin tuwon da ya fito daga juji ba, ko kuma kun ci ba a gaya muku ba. Mu a gidanmu na Ƙofar Marke abin da kuke kira shara shi ne abincinmu na baɗi.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba, ni kuma ban fi shekara tara ba. Mu biyar ne a gidan: Kaka wadda ta haifi babana, da Baba, da Inna, da ni, da ƙanena da ke goye. Gonarmu ɗaya ce, can bayan ganuwa, tafiyar da za ta sa mutum gumi kafin ya kai. Jigawa ce mai farin rairayi, irin wadda in ka shuka gero ba taki zai fito ya tsaya iya gwiwa yana kallonka. Kakana ya yi shekaru yana zuba mata taki har ta yi duhu. Da ya rasu ciyar da ita ya koma hannun Kaka.

A bayan ɗakinta take tara shi, kusa da turakun awakinmu jajaye guda bakwai. Kullum da safe aikina ne in share ƙarƙashinsu in kai tsibi. Tokar murhu ma can take zuwa, amma sai ta kwana ta huce. Ƙaiƙayin gero, kowar wake, ruɓaɓɓiyar jinka, ƙasar tsohuwar katanga da ruwa ya kayar, babu abin da Kaka ke bari ya fita daga gidan nan. Ruwan wanke-wanke kuwa in kika kuskura kika watsar a tsakar gida, ranar kunnenki zai gaya miki. Takan tura hannunta cikin tsibin har gwiwar hannu ta ji ɗuminsa, ta ciro dunƙule ta murtsuke ta shinshina. In ta ce bai nuna ba, to bai nuna ba, ko wa zai zo ya yi musu.

Al'adar kwasarsa kuwa kowa ya santa. Da bazara wani mai jakai daga ƙauyen bayan gari yakan zo, ya yi kusan wata yana ɗiba a hankali, yau mangala biyu, gobe uku. Ba a biyansa da kuɗi. In ya kai huɗu gonarmu, ta biyar tasa ce, ya kai tasa gonar. Haka aka yi da ubansa, haka ake yi da shi.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Baba. Ya gaji. Da damina yana gona, da rani yana majema yana kankare fatu har hannunsa ya tsattsage, kuma duk da haka da ƙyar hatsi ke kai mu wata kaka. Sa'o'insa sun fara tafiya cin rani ƙasar kurmi, wasu suna dawowa da turamen atamfa da labarai, wasu ba sa dawowa. A kakar da ta gabata, ranar da aka gama zuba gero a rumbu, na ji shi yana ce wa Inna, da murya yadda Kaka za ta ji: "In rumbunga bai cika ba baɗi, ni ka tahiya." Kaka tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, balle ta buɗe baki ta ce masa ya zauna. Abin da ta yi shi ne ta ƙara akuya ɗaya, ta fara bin gidajen da ba su da gona tana roƙon tokarsu. Shekarar nan tsibin ya kusa kai tsawon katanga. Ko ni da nake yarinya na gane don wa ake tara shi.

Sai ga mai shela wata ranar Talata, bazara ta fara ke nan. An yi ciwo a gari wannan rani, an rasa mutane, aka ce likitan Nasara ya ce daga juji da ƙudaje ne. Duk mai tsibi a gida an ba shi kwana uku ya fitar, ran na huɗu masu duba gari za su bi gida-gida su ƙone abin da suka samu. Wanda aka jibge a gindin ganuwa ma za a ƙone. Baba ba ya nan, mai unguwa ya sa shi cikin masu ɗaukar kayan Nasara zuwa wani gari, sai bayan mako biyu.

Da la'asar mai jakai ya yi sallama a zaure. Ya durƙusa ya gaida Kaka kamar yadda ya saba, sannan ya ce wannan karon rabi zai ɗauka.

"Rabi?" in ji Kaka. "Awakinka sunka yi shi?"

"Iya, dut garinga ni aka nema. Jakai ukku gare ni, kwana ukku anka ba mu. In kin yarda, jibi war haka ko ƙwarya guda ba ta saura cikin gidanga."

"Guda cikin biyat munka sani, tun mai gidana na da rai. Tashi ka tahi abinka."

Inna tana bayan ƙofa, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Iya, a ba shi mana. Rabi ya hi babu." Kaka ta ce ba a tambaye ta ba. Mutumin ya ɗan jima a durƙushe ko za ta sake magana, da ya ga ba ta da niyya ya miƙe ya shiga gidan gaba da namu.

Ba mugunta ya yi ba, yanzu na san haka. Kaka ma ba wauta ta yi ba a lissafinta: rabin tsibi ba zai ƙoshi gonar ba, gonar da ba ta ƙoshi ba kuwa ba za ta cika rumbu ba. Duka take so, kuma ta ɗauka wuyanta da nawa za su iya.

Inna tana kulle, iyakarta zaure, don haka ita ke cika mana. Kaka ta ɗauki masaki, ni ƙwarya, kowa da gammonsa. Taki da ya nuna ba ya wari sosai, amma nauyi gare shi kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hanyar Ƙofar Marke ta cika da jakai da tsofaffi da yara, kowa da nasa a kai, ba mai gaida wani sai da ido. Kafin rana ta take rairayi ya fara gasa tafin ƙafa. Muna zuwa mu juye a bakin gona ta wajen hanya, tsibi-tsibi ƙanana, mu juyo. Ranar farko ina ƙirga sawu, ranar ta biyu na daina, don duk dawowar da muka yi in na leƙa bayan ɗaki sai in ga kamar ba a taɓa shi ba.

A rana ta uku gwiwar Kaka ta kumbura, tafiyarmu ta rabu, tana can ina nan, sai dai mu haɗu a hanya mu wuce juna. Wuyana ya sage, in zan waiwaya sai na juya da jikina duka. Tsakanin ƙofa da gona akwai wani ɗan kwazazzabo a bayan bagaruwa. Na tsaya nan in huta, na duba gaba na duba baya, sai kawai na juye ƙwaryar a ciki na tura rairayi da ƙafa na rufe. Na zauna a inuwa gwargwadon lokacin da zan kai gona in dawo. Sau huɗu na yi haka a ranar.

Da safiyar rana ta huɗu suka zo, mutum ɗaya da kaki da lebura biyu. Har ƙasa mai kakin ya gaida Kaka, ya ce ta yi haƙuri, aike ne. Abin da muka iya fitarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Suka kwashe sauran zuwa filin bayan gida, suka jibga masa kara suka sa wuta. Taki ba ya ci da harshe, a hankali yake cinyewa ta ciki. Kwana huɗu yana hayaƙi, tuwonmu da ruwanmu da zannuwanmu duk suka ɗauki warin. Kaka ta zauna a ƙofar ɗakinta da ƙafa a miƙe tana kaɗi.

Baba ya dawo da kafaɗu a saɓule. Ya tsaya ya dubi wurin da tsibin yake da, Inna ta gaya masa yadda aka yi. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya nemi ruwan wanka.

Abin da ya fi ciwo shi ne damina ta yi kyau. Ruwa ya sauka a kan kari, bai yi fashi ba. Da gero ya tashi sai gonar ta rabu biyu, ko makaho ya shafa zai gane iyakar inda ƙafafunmu suka kai. Ta wajen hanya kara ya wuce kan Baba, ganye har baƙi-baƙi yake. Daga nan zuwa ƙarshe kuwa sirara ne masu ruwan ɗorawa, wuta-wuta ta fito a gindinsu da jan furenta. Baba ya yi noman fari ya yi maimai, duka gonar, har inda ya san ba abin da zai samu.

A kwazazzabon nan kuma gyauro ya fito, daga ƙwayoyin da suka saura cikin ƙaiƙayi. Gero ne dogo mai kauri, shi kaɗai a bakin hanya inda ba wanda ya taɓa shuka komai. Kullum ni da Kaka muna wucewa ta wurin in za mu kai wa Baba fura. Nakan koma ɗaya gefen hanyar in sunkuyar da kai. Ita kuwa takan wuce da sandarta kamar ba ta ga komai ba.

Rumbu bai kai rabi ba. Bayan girbi da mako biyu Baba ya naɗe tabarma ya rataya gora. Da hantsi ne. Ya yi sallama da Inna, ya shafa kaina, sannan ya je ya tsaya daga nesa da turakun awaki inda Kaka ke zuba musu harawa.

"Iya, ni ka tahiya. Sai ruwan hwari in Allah ya so."

Ba ta juyo ba. "Allah shi kiyaye hanya," ta ce.

Ruwan fari ya sauka bai zo ba, na shekara mai bi ma haka. Sau ɗaya wani ya ce ya gan shi a bakin wani babban kogi yana lodin jirgin ruwa. Daga nan ba mu sake jin komai ba.

Na girma da ƙwaryar nan huɗu a zuciyata. A lissafina na yarinya, da na kai su gona da rumbu ya ƙara tudu, da Baba bai tafi ba. Sai da na yi aure na dawo gida wankan haihuwar fari na samu bakin faɗa. Kaka ta tsufa sosai lokacin, idonta ya yi hazo. Muna zaune a inuwar rumbu da rana, tana riƙe da jaririn, na gaya mata duka.

"Na sani," ta ce. "Ni niy yanke geronga da hannuna. Kin sha shi cikin kunu."

Ta jima tana jijjiga yaron.

"Ƙwarya huɗu ba ta riƙe namiji, ke ɗiyag ga. Cire shi ga ranki. Rabi anka ce in ba da. Da na ba da, da gona ta yi abin da za ya duba shi ce a ƙara gwada shekara guda. Nit tsaya rowar kashin awaki, nir rasa ɗana."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, har ta ce in bari kada nono ya ɗauke.

Yau gonar nan gidaje ne, ko wurin ba na iya nuna muku daidai. Jikana yana noma a wata gonar aro can nesa, da takin zamani na cikin farin buhu. Ya ce bara buhu ɗaya ya isa, bana ƙasar tana neman biyu, kuma in ka haƙa ta ko tana ba ka gani. Na ce ya ɗaure awaki ko uku ne, ya yi dariya ya ce wa zai yi musu ciyawa. Kwanan nan ya fara maganar tafiya kudu neman aiki. Ba ni da awaki, ba ni da wuyan ɗaukar ƙwarya, baki kaɗai ya rage mini, don haka na kira shi na ce masa kada ya tafi. Ya ce to Kaka, zai duba. Jakarsa dai na ganta a bayan ƙofa, a ɗaure.