Awa Biyar da Rabi Zuwa Yamai

Abdelkader mutumin Tawa ne, amma shekara ashirin da uku ke nan yana Jidda. A wani sito yake aiki a unguwar Khumra, inda ake haɗa kayan da za a aika Afirka ta jirgin sama. Ya ɗaure kwali, ya ɗora a sikeli, ya liƙa takarda: wannan Kano, wancan Yamai. Dabino, turare, abaya, barguna. Kayan sukan isa cikin 'yan kwanaki. Shi kuwa sau biyu kacal ya leƙa gida, na ƙarshen ma shekara tara ke nan.

Wata Talata da la'asar ƙanwarsa Mariam ta bugo waya daga Tawa.

"Yaya, jikin Inna ya yi tsanani. In za ka zo, ka zo."

Da ya koma gida a unguwar Madain Fahd ya gaya wa matarsa Safia. Ita haifaffiyar Jidda ce, ba ta taɓa taka Nijar ba. Ta ɗauko waya ta duba, ta kira shi da alkunyarsa irin ta Larabawa.

"Abu Saif, kilomita dubu huɗu ne da 'yan kai daga nan zuwa Yamai. Awa biyar da rabi, halas, shi ke nan. Yalla, maza ka shirya."

"Wannan lissafin tsuntsu ne, Safia," ya ce, yana cire takalmi. "Shi ba ya da kafili."

Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, sai an sabunta ta kafin a ba shi takardar fita da dawowa, ga kafilin, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yi tafiya. Kwana goma sha biyu yana zirga-zirga tsakanin sito da ofis. Da takardu suka fito kuma bai samu jirgin da zai kai shi kai tsaye ba, sai ta Addis Ababa. Can ya yi awa tara a kan kujerar ƙarfe, ƙafafunsa suka kumbura. Daga Yamai ya shiga mota, wuni guda cur kafin ya ga Tawa.

Ya tarar da Inna da rai, kwance a kan tabarma a gindin itacen bedi. Ya durƙusa ya riƙe hannunta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Daga ina?"

"Inna, ni ne. Abdu."

"Daga Makka ya zo, Inna," in ji Mariam.

"Ai ni ma ina da ɗa a can," in ji Inna. "Wurin da nisa, ba ya samun zuwa. In ka gan shi, ka ce kada ya damu kansa."

Ya ce to, zai gaya masa.

Kwana takwas ya yi. Shi ke ba ta kunu da cokali, shi ke gyara mata matashi. Ta saba da shi, har takan tambayi Mariam ko baƙon nan ya ci abinci. Rana ta tara ya kama hanya, don hutun da aka ba shi ya ƙare.

Mako uku da dawowarsa aka bugo aka ce Inna ta cika. 'Yan Nijar da ke unguwar suka yi ta zuwa ta'aziyya, Safia na dafa shayi. A rana ta huɗu ya fita da safe ya hau motar ma'aikata. Barci ya ɗauke shi tun kafin su bar unguwa, sai da direba ya taɓa kafaɗarsa sau biyu a ƙofar sito sannan ya farka.