Baƙin Tukunyar Inna

A gidanmu na ƙauye, can gefen Dauran, ɗakin girkin Inna bai taɓa samun taga ba. Kakanmu da ya gina shi ya ce taga ƙofar kyanwa ce, daga nan zancen ya mutu. Hayaƙi kuwa da bai ga hanyar fita ba sai ya yi zamansa. Kunkunniya ta kama azara, ta kama bango, ta yi zara-zara tana reto daga sama, in iska ta kaɗa ta sako maka rabonka cikin miya. Har na girma ina tsammanin kowace miyar kuka haka take da ɗigo-ɗigon baƙi.

Ba rashin taga ne kaɗai ba. Inna da abin da hannunta ya kai take hura wuta: karan dawa, kashin shanu, ɗanyen ice in damina ta yi nisa. Ɗanyen ice kuwa ba ya ci, gunaguni yake yi yana tuƙa hayaƙi, ita tana durƙushe tana hura shi da baki har idonta ya kaɗa ya yi ja.

Bayan na yi aure a Kaura Namoda, ni ce mai zuwa sharar ɗakin gabanin kowace babbar salla. In fitar da kwanoni, in yayyafa ruwa a ƙasa, in ɗaura tsintsiya a bakin gora, in naɗe kai da hanci da tsohon zane, in hau kakkaɓa. Kafin in fito, in ban da ido da haƙori babu abin da ake gani a jikina, har awakin gidan gudu na suke yi. Ina yi ina masifa, don ni ba na iya aiki baki a rufe, ita kuma tana daga inuwa tana nuna mini inda na tsallake.

Wuri ɗaya ne ba a taɓawa: gindin tukunya. Wannan na Baba ne. Baba manomi ne da bai samu karatu da ƙuruciya ba, sai da ya bar wa yayyena gona ya ɗauki allo da furfurarsa, ya rantse sai ya sauke kafin ya bar duniya. Tawadarsa kuwa da baƙin tukunyar Inna yake haɗa ta. Ya zauna ya kankare shi a hankali cikin ƙoƙo, ya jiƙa, ya tace, ya zuba ƙaro. Matan duniya suna shafe gindin tukunya da toka kafin su ɗora don baƙi ya yi saurin fita, a gidanmu wanda ya yi haka ya taro faɗa. Na taɓa dirje wata da yashi har ta yi ƙyalli, Baba ya yini bai amsa gaisuwata ba.

Sai tarin Inna ya yi ƙarfi. Da ma tana yi, muna cewa sanyi ne, amma wannan karon numfashinta ya fara ƙara, ta kasa kai tulu daga rijiya zuwa randa ba ta tsaya ba. Na ɗauko ta zuwa asibiti a Kaura. Likita ya sa abin aunawa a bayanta, ya daɗe yana saurare, sannan ya tambaye ta ko tana shan taba.

Inna ta juyo ta dube ni. "Mi yac ce?"

"Cewa ya yi ko kina shan sigari."

"Ni? Ɗan nan, kana da uwa kuwa? Ko goro sai da niy yi jika nif fara ci!"

Ya ba ta haƙuri yana danne dariya, sannan da na ba shi labarin ɗakin girkinta ya daina dariyar. Ya ce abin da na saba kakkaɓowa daga azara, irinsa ne a ƙirjinta, kuma nan tsintsiya ba ta shiga. In ta ci gaba da zama cikin hayaƙi, wata rana numfashin zai ƙi dawowa. Na ji tsoro ƙwarai, irin wanda ban taɓa ji ba, na fita waje na yi kukana don kada ta gani.

Kafin ta koma gida mun gama shiri. Yayana da ke Shinkafi ya zo da magini aka fasa bango aka fitar da taga, sai dai kakanmu ya yi haƙuri. Na kakkaɓe ɗakin kaf, aka shafe shi da farar ƙasa, muka ajiye mata ƙaramar tukunyar gas, na kwashe duwatsun murhu na jefar bayan gida. Inna ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ɗakin kamar na baƙi. Ta ce wannan wuta mai shuɗi ba ta yarda da ita ba, wutar da ba ta sa hawaye yaya za ta dafa tuwo? Baba kuwa ya sa mana albarka har da ɗaga hannu. Bai hango abin da ke tafe ba.

Da tawadarsa ta ƙare ya sa aka miƙo masa tukunya. Ya kifa ta, ya shafa da yatsa, ya duba yatsan. Ya ce a kawo wata. Ita ma fes. Aka ce mini ya daɗe zaune da ƙoƙo a hannu.

Daga nan farauta ta tashi. Ya aika maƙwabta, aka kawo masa baƙi cike da gwangwani, amma matar gidan da leda da tsohon silifa take tada wuta, tawadar ta fito da maiƙo, ta manne wa allo ta ƙi wankuwa. Ya je wurin mai shayi ya kankare butarsa, ya ce wannan ba ta da jiki. Wani ɗan acaba mai son a yabe shi ya kwankwaso masa na cikin salansar mashin. Baba ya shinshina ya kore shi, don shi in ya wanke allonsa ba ya zubar da ruwan, sha yake yi. Na sayo masa tawadar kwalba a Kasuwar Daji, ya karɓa ya yi godiya, ya ce ta yi kama da ruwan bagaruwa. Kullum maganarsa ɗaya, a zaure da cikin gida: babu baƙi irin na tukunyar Inna. Shi a ganinsa yabo yake yi.

Can kuma sai na ji ya daina ƙorafi, na ce to, ya haƙura. Wata safiya na hau mota na je ba tare da na yi aike ba. Ɗakin girki fari tas, tukunyar gas an rufe ta da zane kamar amarya. Amma ina jin ƙaurin hayaƙi. Na bi shi har bayan rumbu, sai ga Inna durƙushe gaban duwatsun nan da na jefar, ta ɗora tsohuwar tukunya, ta cusa ɗanyen ice da gangan don ya fi baƙi, tana hurawa tana tari, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Na buɗe tukunyar. Ruwa ne zalla.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, kashe kanki za ki yi? Duk wahalar da munka sha?"

"Rage murya, kak ki tara min jama'a. Mutumen ga saura kaɗan shi sauke. In bar shi shina yawo gidajen mutane da ƙoƙo awa marar mata?"

"Ya san ke ka yin wanga aiki?"

"Ce mishi niy yi daga gidan ƙanwata aka kawowa."

Ba sai na je na faɗa ba, ihuna ya riga ya kai zaure. Baba ya zagayo da alƙalaminsa a hannu. Ya dubi tukunya, ya dubi hayaƙin, ya tsaya har tarin Inna ya lafa, kuma ya daɗe bai lafa ba. Na shirya masa maganganu masu zafi, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye su. Ya durƙusa ya janye icen ya turbuɗe cikin ƙasa. Ya naɗe hannun riga ya ɗauki tukunyar da zafinta.

"Wagga tukunya ta bar hannunki," ya ce. "In kin ƙara kusantar hayaƙi saboda ni, na aje allon."

Na kwana a gidan don in tabbatar. Da safe bayan an fito masallaci sai muka ji hayaniya a ƙofar gida. Baba ne, mutumin da bai taɓa hura wuta ba tunda aka haife shi, ya jera duwatsu a fili gefen zaure, ya ɗora tukunya, ya kwanta rub da ciki yana hurawa. Toka ta cika masa gemu. Abokansa na masallaci sun kewaye shi, wani na tambaya ko koko za a fara sayarwa, wani na cewa a sa masa na mutum biyu. Bai kula su ba. Ya ce ruwan in ya yi zafi a kai wa mai ɗakinsa ta yi wanka, baƙin kuma nasa ne.

Inna ta leƙo ta kan katanga, daga inda hayaƙi ba ya kaiwa, tana ba da umarni.

"Malam, ba haka aka yi ba! Ɗaga icen shi sha iska! Kai, wanga mutum zai ƙone gemunai!"

Ya ɗago zai ba ta amsa, hayaƙi ya shige masa hanci, ya hau tari yana share hawaye da hula, ya bar baƙin yatsu a goshi. Inna ta fashe da dariya. Ni ban yi ba, tsayawa na yi ina sauraren ƙirjinta. Dariyar ta yi tsawo, ta riƙe katanga tana yi, kuma har ta kai ƙarshenta ba ta sarƙe ba.